Dashe a Gonar Aro

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Na iso Gwandu da la'asar, na sauka wurin Goggo Hajjo, ƙanwar babana. Ɗakin da ta ba ni daddawa kawai yake wari, amma ya fi mini masaukin baƙi.

Aikin na kwana goma sha biyu ne. Asusun nan na ƙasashen waje da ya ba da kuɗin dashen itatuwa bara, don rage zafi da zaizayar ƙasa, shi ya ɗauke ni in zaga gonaki arba'in a Gwandu da Kalgo. Kowane manomi an ba shi dashe ashirin da biyar. Nawa ne ke raye a gonarsa? Tambayar ke nan, babu wata. In ƙirga, in ɗauki hoto, in cike gurbi. Idan rabi suka rayu, su saki kashi na biyu, wato rijiyoyin burtsatse na noman rani. Idan ba haka ba, su naɗe tabarmarsu.

Sau shida ina irin wannan aikin, kuma an san ni, Khairiyya ba ta jin magiya. In gama in koma Abuja, shi ne kawai a raina.

Talata, 5 ga Agusta

Dodoru. Gonaki shida, itatuwa huɗu. Huɗu! Zayyanu, jami'in shirin da ke raka ni, sai share zufa yake yana cewa awaki ne. Duk inda na je aiki awaki ne masu laifi. Da suna da baki da sun kai ƙara.

Laraba, 6 ga Agusta

Masama. Sifili, sifili, goma sha tara, sifili, sifili. Abin da ya tsaya mini a rai, mai goma sha taran mai rufin asiri ne, yana da shanun huɗa har da babur. Talakawan da aka yi shirin dominsu kuwa, ko ramin dashe ban gani a gonakinsu ba. Na tambaya, kowa sai ya sunkuyar da kai. Raina ya ba ni sayarwa suka yi. Na ji haushi, na kuma nuna.

Ƙafafuna sun kumbura. Goggo ta ce yawon banza ne, wa ya taɓa jin ana biyan mutum don ya ƙirga icce.

Alhamis, 7 ga Agusta

Dangoma, ɓangaren Kalgo. Wani dattijo, Baba Mamman, siriri, hularsa ta koɗe. Ya kai ni gonarsa, gero ya yi kyau har ya fi ni tsawo, amma babu itace ko ɗaya. Na ciro biro zan rubuta sifili, sai ya ce, "Ɗiyata, taho gida ki gani."

Bayan ɗakinsa ya kai ni. Na tsaya baki buɗe. Mangwaro, dogonyaro, bagaruwa, a fasassun tukwane da tsoffin bokitai, har da wani a cikin kwanon da ya ɓule. Ashirin da biyu, kore shar, wasu sun kai mini ƙugu. Shekara guda yana ba su ruwan alwalarsa, matarsa Dije tana ƙara musu na ɗauraya. A duk zagayena ban ga wanda ya kula da nasa haka ba.

Amma takarda gona ta ce, ba bayan ɗaki ba. Na ce, "Baba, in ba a gona suke ba, ba zan iya rubuta su ba." Zayyanu ya ɗora da cewa saboda irin wannan taurin kan ne garin zai rasa rijiya. Ban tsawata masa ba. Na gaji, rana ta dake ni, ina son in shiga mota.

Tsohon ya ce, "To, ɗiyata. Na jiya," wato ya ji.

Na gaya masa Talata zan dawo garin saboda sauran gonaki.

Asabar, 9 ga Agusta

Ruwa tun safe. Na buɗe rahoton na rufe ya fi sau biyar. Tukwanen nan suke ta faɗo mini.

Talata, 12 ga Agusta

Yau na ji daɗi! A bakin hanya muka tarar da Baba Mamman yana jiranmu. Ya dasa su duka a gefen gonar, a jere, kowanne ya kewaye shi da ƙaya. Ashirin da biyu cif. Na ɗauki hoto, na sa shi ya tsaya a tsakiya, na rubuta lambar da hannuna. Shi ne na ɗaya a duk jerin. Zayyanu har da tafi.

Dije ce kawai ba ta saki fuska ba. Na ce, "Inna, ba ki taya mu murna?" Ta ce, "Allah shi sa alheri na," ta juya ta tafi.

A mota na ce wa Zayyanu, ka gani, mutanenmu sai an ɗan matsa musu.

Laraba, 13 ga Agusta

Ina ba Goggo labarin Baba Mamman da safe tana tankaɗe, ina ta yabon kaina. Sai ta ajiye rariya.

"Gonatai ta, ko ta aro?"

Na ce ban sani ba, babu wannan tambayar a takardarmu. Ta ce in tambaya yanzu-yanzu. Na kira Zayyanu, ya kira wani, ya dawo mini da amsa. Aro ce. Shekara goma sha takwas yana nomanta, ta gidan wani Alhaji Isa ce.

Goggo ta dube ni ta daɗe. "Ke ɗiyag ga, mi aka koya miki ga boko? Ba a dasa icce ga gonar aro. Gero shekara guda na, a yanke a wuce. Wanda duk ya dasa icce, cewa ya yi gonar tashi ta."

Ni fa jikar manomi ce, kakana a garin nan ya yi noma. Na yi digiri biyu a kan muhalli, ban san abin da kowace tsohuwa mai tankaɗe ta sani ba. Sai sifilin Masama da Dodoru suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da yadda mutanen suke sunkuyar da kai. Ba sayarwa suka yi ba. An zaɓi mafi talauci aka ba su dashe, mafi talaucin kuma su ne ba su da gonar kansu. Kunya ta hana su faɗa, ni kuma ban tambaya ba.

Ban iya cin ɗumamen da ta ajiye mini ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Abin da nake tsoro ya faru. Alhaji Isa ya aika wa Baba Mamman cewa da an yanke gero ya bar masa gonarsa. Mutum tara ke ci daga gonar nan.

Na shiga ɗaki na fito, na shiga na fito, har Goggo ta ce in zauna kafin in huda mata daɓe. Magana zarar bunu. Ni na faɗa, da bakina. Shi ya san abin da zai biyo baya, ya dasa duk da haka, don kada a ce shi ya hana garinsu ruwa.

Juma'a, 15 ga Agusta

Bayan an sauko masallaci na je wurin Alhaji Isa, Goggo ta haɗa ni da goro. Na shirya haɗuwa da mugu, sai na tarar da dattijo mai fara'a a zaure, ya sa aka kawo mini fura. Wannan ya fi ba ni haushi, ban san da wa zan yi faɗa ba.

Na ce laifina ne, ni na sa shi. Ya ce ya sani, duk gari an sani. Ya ce mahaifinsa ne ya ara wa Mamman gonar, shi kuma bai taɓa tunanin karɓa ba. "Amma icce shaida na, Malama. In na kwanta dama, ɗiyan Mamman su ce ma ɗiyana ubanmu ya dasa. Wa za shi musa?"

Na ce a rubuta takarda gaban mai gari, kowa ya sa hannu, cewa gonar tasa ce har abada. Ya yi dariya. "Takarda gara ka cinye ta. Mangwaro shina nan shekara hamsin."

Gaskiya ya faɗa. Na yi ta roƙo, ni da ba na jin roƙon kowa. A ƙarshe ya ce a tumɓuke su duka kafin su kama ƙasa, ya ga wurin fili da idonsa, sannan ya duba.

A hanya Zayyanu ya ce, "Hajiya, ai kin riga kin ɗauki hoto. Ki bar ashirin da biyun a takarda, wa zai zo daga Turai ya duba?" Na ce ya kula da tuƙinsa. Amma na yi tunanin abin, ba zan ɓoye wa littafin nan ba. Har muka shigo Gwandu ina tunaninsa.

Asabar, 16 ga Agusta

Yau ya kamata in kama hanyar Abuja. Da hantsi ina gonar Baba Mamman.

Shi ke haƙa da 'yar fartanya, a hankali, yana tallafe saiwar da tafin hannu. Dije na riƙe da tukwanen. Na ce su ba ni aiki, suka ƙi, na tuɓe takalmi na shiga. Ni nake janye ƙayar, ta soke ni ta soke ni. Na ƙarshen ni na ciro shi, wani ɗan mangwaro, na ji saiwarsa ta tsinke a hannuna. Aikina in ƙirga itatuwan da ke raye, ga ni ina tumɓuke su.

Da muka gama ya goge hannu a riga ya matso kusa da ni. Na ɗauka zai faɗi abin da ke ransa, na ma so ya faɗa. Sai ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Na ɓata miki takarda."

Na ce ƙasa ce ta shiga mini ido. Dije ta miƙo mini bakin zanenta.

Litinin, 18 ga Agusta

Alhaji Isa ya je ya duba jiya. Ya ce Baba Mamman ya ci gaba da nomansa. Alhamdulillahi. Bakwai daga cikin itatuwan sun bushe a tukwane, Zayyanu ya faɗa mini.

Na goge hoton. Na mayar da ashirin da biyu sifili. Gurbin ƙarin bayani layi biyu ne, na kai shafi na huɗu ban gama ba, ko za su karanta oho.

Na kira ofis na ce ruwa ya ɓata hanya, sai wani makon. Hanya lafiyarta lau. Ba wani abu ba ne, kawai ba na son aikin da bai cika ba. Gobe Masama, in koma wurin mutanen nan da na yi wa tsawa, in tambaye su gonar ta wace ce. Na kasa tsara yadda zan fara gaishe su.