Abin da Na Gani a Ruwan Randarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna A'i.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji.

Na dawo gida kamar yadda kika daɗe kina so, sai dai ba hankali na yi ba, yaƙi ne ya rufe jami'a. Na taho da madubin nan na hangen ƙananan abubuwa, na kafa shi a ɗakinki, kan teburin keken ɗinki. 'Yan unguwa suna kirana Dakta, kuma har yanzu ransu na ɓaci idan na ce ba na yin allura.

Famfon gari ya tsaya, mun koma ɗiban ruwan tur'a, magudanar nan mai shayar da gonaki, damina kuwa ta mai da shi ja wur. Maryama, autar Yaya Hajo da ba ki gani ba, ta kwanta da gudawa har idanunta suka faɗa.

Kin tuna yadda kike daka 'ya'yan zogale, ki ƙulle a tsumma, ki kaɗa a randa? Kikan ce, "A bar shi ya yi shawara." Yaya ta gaji wannan, ta ƙara da nata: tunda ciwo ya shigo gida, sai ta riƙa zuba ninki. Ruwa ya ƙi kwanciya. Ta ce zogalen bana ne ba shi da albarka.

Na ɗiga ruwan a gilashi na duba. Ƙwayoyin laka ba dunƙulallu ba ne, Inna, fale-fale suke kamar faifai. A ƙarƙashin hasken da madubin ke tacewa, wanda ya kwanta yakan yi duhu, wanda ya karkata yakan yi ƙyalli, da haka nake gane inda kowanne ya fuskanta. Idan zogale ya yi daidai, sai su daina juyi, su kama juna, su nutse. Idan ya yi yawa, sai ya lulluɓe kowanne, su koma ture juna kamar dangi ranar rabon gona.

Bayyana wa farfesoshi wannan ya fi sauƙi. Yaya ta ce ba za ta koyi gyaran ruwa wajen wadda tuwonta ke gudaji ba. Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa. Na zaunar da ita kawai, na nuna mata inda za ta sa ido. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ta ce, "Ashe su ma ba sa son a matsa musu."

Ba ta ce na yi daidai ba, kin san 'yarki. Amma washegari ta rage zogalen, ta kuma yarda a tafasa na yara duk da tsadar itace. Maryama ta tashi. Jiya ta ƙwace wainar kisra daga hannuna ta cinye, tana mini harara irin taki, har sai da na kau da kai.

Allah Ya haskaka kabarinki, Inna, Ya shayar da ke daga Alkausara, Ya raya mana wannan yarinya.

'Yarki mai kewarki,
Safiya