Keken da Ba Ya Hawa Dutse

Asabar, 2 ga Agusta

Gwiwar hagu ta hana ni barci. Tari ya lafa. Shayi kawai na sha.

Akmaral ta zo, jikata, 'yar ɗana Daulet. Rabona da ita tun narkewar ƙanƙara. Na ɗauka ni aka zo gani, ashe masauki ake nema wa keke. Ɗakinta a cikin birnin Almaty yana saman bene, ni kuwa ina gindin dutse, ga ɗakin itace ba kowa. Ta turo abin har tsakar gida. Taya kamar ta babur, sifirin gaba da baya, nauyi kamar ɗan maraƙi. Na ce, "Ina injin?" Ta ce, "Ata," wato kaka, "ba shi da inji, na gangara ne kawai." Wai ba ya hawa. Sai an ɗora shi a mota an kai shi sama, sannan ya sauko. Na ce ko kabewa aka kai sama za ta sauko, kuma ba wanda zai saya mata hular kwano.

Duk Asabar za ta riƙa zuwa ɗaukarsa. To.

Talata, 5 ga Agusta

Na leƙa keken. Jikar mahaya dawaki, ta ƙare a kan dokin da sai an goya shi.

Asabar, 9 ga Agusta

Ta zo da wani dogo, Miras, mai gemu kamar na bunsuru. Ya gaishe ni da hannu biyu, wannan kam ya iya. Suka tsaya suna yaba keken, wai ya yi mata cif. Cif! Sirdin yana can ƙasa, sai ka ce na yaro. Na ce an cuce ta, an sayar mata da ƙarami. Mu da muka san abu, takalmi da kwat da keke duk da girma ake saye, mutum ya girma ya cika su. Ta ce, "Ata, ni fa na daina tsawo tun ina makaranta."

Na koya musu yadda ake awo: a zauna, a ɗora dunduniya kan feda, ƙafa ta miƙe sak. Dogon ya ce, "Aksakal," wato dattijo, "wannan ba a zaune ake tuƙa shi ba, a tsaye ne. Daga feda zuwa hannu ake aunawa. In ya yi mata tsawo, shi zai riƙa juya ta." Ni da na tsufa ina koyar da lissafi, yau bunsuru ke koya mini awo. Na ce in ba a zama, sirdin na ado ne?

Laraba, 13 ga Agusta

Jiri da safe. Marziya maƙwabciya ta miƙo miya ta kan shinge, gishiri ya yi yawa kamar kullum.

Na nemo sifana na ɗaga sirdin yadda ya kamata. Ya ɗauke ni rabin yini. Yanzu ya yi kama da keke.

Asabar, 16 ga Agusta

Dariya Akmaral ta yi har da riƙe ciki. "Ata, so kake ramin farko ya cilla ni ta saman hannun keke?" Kafin in buɗe baki ta mayar da shi ƙasa. Ta sumbace ni a goshi ta ce kada in ƙara taɓa mata sirdi.

Da ta sauko daga dutsen, duk laka, ta zauna muka sha shayi har la'asar. Ta cinye rabin kwalbar zumata. Ta ba ni labarin wata kwana mai saiwoyi da ta daɗe tana tsoro, yau ta wuce ta. Shirme. Amma ta iya ba da labari, irin kakarta.

Birkin yana ƙugi kamar alade. Tun daga kan layi nake jin zuwanta. Duk iyayinsu ba wanda ya san mai.

Alhamis, 21 ga Agusta

Man keken ɗinkin marigayiya matata yana nan da saura. Na ɗiga wa sarƙa, na shafa wa faifan birki gaba da baya har ya yi ƙyalli. Sirdi ta ce, ban taɓa sirdi ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Ba na son rubuta wannan.

Motar dogon tana jira a ƙasan layi. Akmaral ta hau keken daga ƙofata ta gangara, tana ɗaga mini hannu. Ba ƙugi ko kaɗan, har na ji daɗi. Sai na ga ba ta rage gudu ba. Ta ja ƙafa a ƙasa, ta bugi shingen Marziya, ta faɗa cikin lambatu. Kafin in kai da sandata dogon ya riga ya ɗaga ta. Tana riƙe da wuyan hannunta, fuskarta fara fat.

Ya goga yatsa a faifan ya sansana. "Aksakal, wa ya sa wa birki mai?" Na ce ƙarfen da ke kuka mai yake so, kowa ya sani. Marziya daga bayan shinge ta ce, "Kai dai tsohon nan ba ka jin magana." Ita wa ya sa da ita?

Akmaral ba ta yi faɗa ba. Gara ta yi. Ta dube ni kawai ta ce, "Da a saman dutse ne fa, Ata?"

Sun sa keken a mota sun tafi da shi.

Lahadi, 24 ga Agusta

Wane irin keke ne wannan da mai ke kashewa.

Laraba, 27 ga Agusta

Akmaral ta kira. Tsagewar ƙashi ce, an ɗaure. Keken yana garejin dogon, wai can ya fi sauƙi. Na ce dama ya tare mini wuri. Ta ce ranar Asabar za ta zo shan shayi. Na ce in ta ga dama.

Daulet ma ya kira daga Astana, ya yi mini magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Na kashe wayar.

Asabar, 30 ga Agusta

Gwiwa da dama-dama. Na aske. Na roƙi Marziya ta soya baursak, fankenmu na baƙi, ta yi mini kallon da ban so ba.

Da hantsi na taka har ƙarshen layi, inda hanyar masu keken ke fitowa daga cikin itatuwa. Iska na je sha. Na zauna a kan kututture, mahaukatan suna ta wucewa. Wani gajere ya zo a kan ƙaton keke, hannuwa a miƙe kamar wanki a kan igiya, da ya kai kwana keken ya wuce da shi cikin ciyawa. Ya yi masa girma, ko makaho ya gani. Wata yarinya ta biyo baya a kan ƙarami, a tsaye, ta juya kamar kifi. Ban ce suna da hankali ba.

Na dawo na ɗora ruwa. Ya tafasa, ya huce, na sake ɗorawa. Duk motar da ta tsaya a ƙasan layi sai in ɗaga labule.

Rana ta faɗi bayan dutse. Ba ta zo ba.