Sunan da ba na faɗa

Litinin, 7 ga Mayu, 2001

Kwamfutar da Yaya Kamilu ya kawo mini daga Kano ta fara zama fitina. Ina buga wa mutane katin biki da ita a ɗaki, ban tsare wa kowa komai ba. Yau maigida ya kunna, ta ce sai ya sa kalmar sirri. Wai 'yan majalisarsu sun ce macen da ta kulle na'ura akwai abin da take ɓoyo. Su da ko kunna ta ba su iya ba.

Laraba, 9 ga Mayu

"Faɗa mini kalmar." Na sa hannu na buga masa, taurari suka fito a madadin haruffa, ya ce raina masa hankali nake yi. Shi da baki yake so. To ta yaya? Sunansa ne. Tun da aka kawo ni Dutse bakina bai taɓa kama sunan nan ba, haka Inna ta rene mu a Ringim. Kunya ta sa na yi murmushi na sunkuyar da kai. Murmushin ne ya jawo mini mari, har ɗankunnena ya tsinke.

Alhamis, 10 ga Mayu

Da ya bi ni da lalama da na rubuta masa a takarda, mu yi dariya. Yanzu kam ko zai mutu.

Asabar, 12 ga Mayu

Da wayar kwamfutar ya dake ni. Ya fizge ta daga bango ya ninka biyu, baya da cinya da duk inda ya samu, yana cewa sunan wane ƙato ne. Na kare fuska, yatsana ya goce. Suwaiba maƙwabciyata ce ta yi ta dukan ƙofa da taɓarya har ya buɗe. Ta gasa mini jiki, tana ta "haƙuri, Zaituna, zaman aure ke nan." Na tsane shi yau. Na rubuta, kuma ba zan goge ba.

Lahadi, 13 ga Mayu

Na cire kalmar sirrin. Aikin ba wuya ashe: ka buga tsohuwar kalma, wurin sabuwa ka bar shi fayau, ka danna. Da hannun hagu na yi, na dama ya kumbura. Da nake buga sunan a karo na ƙarshe sai da na tsaya, ban san dalili ba. Yanzu ko akuya ta taka ta za ta buɗe.

Ya wuni yana bincike. Katin biki, katin suna, kalandar Islamiyya. Ko kallona bai iya yi ba.

Juma'a, 18 ga Mayu

Ya dawo daga masallaci da tsire da atamfa. Ya zauna bakin gado yana murza hula, wai sharrin shaiɗan ne. Can ya ce, a hankali, "Don Allah, mece ce kalmar?"

Na dube shi cikin ido na ce, "Muntaka."

Ya ɗago a firgice, ya zaci kiransa na yi. Sai kuma ya gane, hular ta faɗi.

Ni abin da ya dame ni daban ne. Sunan ya fita a bakina kamar na mai kayan miya, ko ɗigon kunya ban ji ba. Na sake gwadawa a madafa ni kaɗai, haka dai. Atamfar tana nan cikin ledarta. Wataƙila gobe in leƙa Inna, kwana biyu kawai.