Mayafin da Ke Cikin Leda

Litinin, 3 ga Maris

Wata takwas yau da rasuwarki. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, kalandar shago ce ta tsaya mini a ido.

Yayanki Dogo ya zo har wurin wankinmu da wani sabon sigarin lantarki, irin manyan nan. Wai ba na 'yan koyo ba ne, na tsofaffin hannu ne irina. Na ɗaga na ji nauyi, na ce wannan ai bulo ne, sunan kuwa ya bi shi. Batir biyu, tanki kamar ƙaramin kofin shayi, wutarsa tana kaiwa wat ɗari biyu. Wanda kika saya mini shekara bakwai da suka wuce don in rabu da taba wat sha biyar yake yi, kuma bai taɓa gaza mini ba.

So yake in gwada na mako biyu in cike masa takarda kafin ya yi odar kwali-kwali ya zuba a shagonsa. Layi biyar: ƙarfi, hayaƙi, ɗanɗano, batir, yoyo. "Kai ne bakinka ya san abu," in ji shi. Daɗin baki dai irin nasa, kin san hali. Na karɓa. Me nake yi da yammacina dama, ban da kallon bango?

Talata, 4 ga Maris

Wat sittin, ruwa mai ɗanɗanon mangwaro. Kai! Zuƙa ɗaya, agogon bango ya ɓace mini. Da kina nan da kin leƙo daga kicin kin ce, "To, jirgin ƙasa ya iso tasha." Na jira a faɗa. Babu mai faɗa.

Hayaƙi: goma bisa goma. Ɗanɗano: tara. Ba ya yoyo.

Juma'a, 7 ga Maris

Ranar leda.

Ban taɓa rubuta wannan ba, kunya nake ji ko a gaban takarda. Mayafinki shuɗin nan, wanda kika rataye a ƙusar bayan ƙofa ranar da muka tafi asibiti, ban wanke shi ba. Na sa shi a ledar shago mai zif, na sa ledar a wata ledar, yana ƙasan durowa. Shekara ashirin da biyu ina wanki da guga, na san yadi yana da lissafinsa: duk buɗewa sai ya zubar da kaɗan daga abin da ya riƙe. Shi ya sa na kafa wa kaina doka. Juma'a da safe kawai, numfashi uku, in rufe.

Yau ma kina nan. Man gashinki, sabulun nan mai arha da kika ƙi canjawa, da wani abu can ƙasa da ba shi da suna, wanda ke ce kawai. Numfashi uku, na tafi aiki. Da shi nake kai mako.

Lahadi, 9 ga Maris

Wat tamanin. Bulo yana shan ruwa kamar tsohuwar mota, tanki biyu kafin la'asar. Maƙogwarona ya bushe ƙamas. Mangwaron ya fara ja da baya, sai na ƙara wuta don in kamo shi. Shayin safe ya zame mini ruwan zafi mai launi, na ɗora laifin a kan ganyen.

Talata, 11 ga Maris

Na ƙona wuyan rigar mutum. Ni! Na ajiye dutsen guga na juya neman maratayi, sai ga uwar shagon da nake wa aiki ta taso a guje tun daga kantar karɓar kaya. "Malam, ba ka jin ƙauri? Har titi ana ji!" Wallahi ban ji ba. Hayaƙi na tashi a gaban idona, hancina shiru. Ni da nake shinshina riga in gaya maka ko mai ita direba ne ko mai aikin asibiti.

Ba ta yi faɗa sosai ba, kallon tausayin nan ta yi mini, wanda ya fi faɗa ciwo.

Laraba, 12 ga Maris

Na karya doka. Da na dawo daga aiki ko takalmi ban cire ba na jawo durowa. Numfashi uku. Goma. Na cusa fuskata gaba ɗaya har ina ganin duhu-duhu.

Babu komai. Yadi kawai.

To wanne ne? Hancina ne ya mutu, ko ke ce kika ƙarasa fita daga mayafin? In hanci ne, da sauƙi. In kuwa mayafin ne, shi ke nan, ba ni da sauran wurin da zan same ki. Hotuna ba sa yi mini komai, a hoto kina kallon mai ɗauka ne ba ni ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na buɗe sau huɗu. Babu.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ce wa uwar shago ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Na fito da mayafin na shimfiɗa shi a kan gado, wai ko matsewar leda ce ta danne ƙanshin, in ya sake zai tashi. Na rufe tagogi duka don kada iska ta kwashe ɗan abin da ya rage. Na zauna a bakin gado ina gadi, kamar mai jiran mara lafiya ya farka.

Hannuna ba ya rabuwa da Bulo. In raina ya ɓaci shi nake ja, yau kuwa tun safe a ɓace yake. Wat ɗari da goma, ɗari da talatin. Ɗumi kawai nake ji a baki, ko alamar mangwaro babu. Duk bayan ɗan lokaci in sunkuya in shinshina mayafin, in koma in ja. Haka har rana ta faɗi, tanki biyar.

Takardar Dogo tana kan tebur. Ƙarfi: ya fi ƙarfina.

Asabar, 15 ga Maris

Wani malamin makaranta ya dawo da riguna biyu, wai yara suna yi masa dariya a aji, yana ƙanshin alewa. Uwar shago ta ja ni gefe. "Abin nan naka, ko a ƙofar baya ka sha, yana bin ka ciki. Har hularka ƙanshinsa take." Na shinshina hular a gabanta, na ce ni ban ji komai ba. Ta ce ai matsalar ke nan.

Na sake wanke rigunan. Mayafin yana kan gado, ban iya mayar da shi leda ba, gani nake kamar in na rufe na haƙura ke nan.

Lahadi, 16 ga Maris

'Yarmu ta zo. Mamana, kamar yadda nake kiranta, ke kuma kina cewa ina ɓata ta. Tun daga ƙofa ta kama tari, ta bi tagogi tana bankaɗewa. "Baba, ɗaki ne wannan ko tukunya?" Sai idonta ya faɗa kan gado.

Ban taɓa roƙon 'yata wani abu irin wannan ba. Na ce, "Mamana, don Allah shinshina mini. Tana nan?"

Ta ɗauka da hannu biyu, ta kai hanci, ta daɗe. Ta ce, "Tana nan, Baba." Ta ninke shi da kanta, ta sa a leda, ta ja zif, ta mayar durowa. Sannan ta shiga kicin ta kunna famfo, ta daɗe tana wanke kofi biyu.

Na ji sanyi a raina, rabon da in ji irinsa tun ranar Laraba. Hancina ne ashe. Sai dai ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Ƙila kuka take ɓoyewa, halinki ne ta ɗauko.

Talata, 18 ga Maris

Na tsaya wurin mai kemis na bakin layi. Ya tambaye ni nawa nake ja a rana, da na faɗa sai ya cire tabarau ya dube ni da kyau. Ya ce yana ganin irinmu, baki da hanci ne suke gajiya su yi yaji. In ajiye abin, in sha ruwa da yawa, in mako biyu ya wuce bai dawo ba in tafi asibiti. Na ce in koma ƙaramin nawa fa? Ya ce, "Alhaji, ajiyewa na ce."

Dogo ya kira sau biyu kan takardarsa. Ban ɗauka ba.

Na cire batiran Bulo na ba uwar shago ta kulle a durowarta. Ba don lafiyata ba, kar in yi wa kaina ƙarya. Don numfashi ukun nan ne.

Alhamis, 20 ga Maris

Kwana biyu. Hannuna yana ta laluben aljihu. Na yi wa mai kawo sabulu tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, bawan Allah ya tsaya yana kallona. Kaina kamar an ɗaure da waya.

Juma'a, 21 ga Maris

Ban buɗe ba. Tsoro.

Litinin, 24 ga Maris

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina guga, sai na ji wani abu ya daki hancina. Sitaci mai zafi! Na tsaya cak. Sai warin ruwan bilic daga bayan shago, sai lemun da uwar shago take ɓarewa can wajen kantar. Na ajiye dutsen guga, na kashe shi wannan karon, na ce mata ina zuwa. Ban jira mota ba, da ƙafa na tafi, ina jin hayaƙin motoci da warin kwata ina murna kamar wawa.

Na wanke hannu. Na zauna. Na buɗe leda ta farko, na buɗe ta biyu.

Mangwaro.

Mangwaro, tun daga wannan gefe har wancan. Na bi shi kusurwa-kusurwa, na bi bakin ɗinki, na juya bayansa, wurin da yake taɓa wuyanki ma na nema. Mangwaro mai zaƙi, mai tashin zuciya, irin na kwalba.

Kwana biyu da rabi na bar shi a shimfiɗe, taga a rufe, ina busa masa tanki bayan tanki. Ni da nake hana mutane rataye kaya a kicin. Ni da aka dawo mini da rigunan malami saboda wannan ƙanshin, na sake wanke su da hannuna, ban ko yi tunani ba. Kina nan lafiya lau a cikin ledarki har ranar da na fito da ke. Ba wanda ya yi mini wannan, ni na yi.

Talata, 25 ga Maris

Ban je aiki ba.

Laraba, 26 ga Maris

Na kira Mamana. Ban ko amsa gaisuwarta ba na ce, "Me ya sa kika ce tana nan?"

Ta ce, "Me kake so in ce, Baba? Ka ga fuskarka ranar?" Na ce da kin faɗa mini gaskiya. Ta ce da ta faɗa me zai dawo? Sai muryarta ta karye. "Ni ma uwata ce. Wata takwas yana durowarka, ko sau ɗaya ba ka ce in zo in ji ba, sai ranar da babu abin ji."

Wallahi ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba. Na riƙe waya muna jin numfashin juna har ta ce za ta koma aiki.

Juma'a, 28 ga Maris

Na kai wa Dogo kayansa da takardarsa. Ban yi wa Bulo ƙazafi ba, abin da aka ƙera shi ya yi shi ya yi. Ƙarfi goma. Hayaƙi goma. Batir yana kai yini. Ba ya yoyo. A layin ɗanɗano na rubuta: kwana biyar na farko. A ƙasa na ƙara layin da bai sa ba: kada a sha a ɗaki a rufe, yana kama yadi, ba ya saki.

Ya karanta ya yi dariya. "Wannan ai sharhin mai wanki ne." Na ce to mai wanki ka ba. Ya ce in riƙe Bulo kyauta, ladan wahala. Na ce a'a. Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba, ya ce, "Lafiya dai ko?" Na kusa gaya masa, ƙanwarsa ce. Na ce lafiya lau.

Yau Juma'a. Ban san me ake yi da safiyar Juma'a ba yanzu.

Lahadi, 30 ga Maris

Na wanke shi. Da hannu, ruwan sanyi, sau uku kafin mangwaron ya saki. Sabulun nan naki mai arha na saya, ba don komai ba, shi ne a kusa. Na shanya a inuwa don kada shuɗin ya koɗe, na goge shi ta baya da wuta kaɗan. Ya fito fes. Ƙanshin sabulu yake yi, sabulu kawai, ba na yaudarar kaina.

Ashe akwai ɗan ɗinki a gefe ɗaya, inda ya taɓa yagewa kika gyara da zare baƙi don ba ki da shuɗi. Karkatacce, irin ɗinkinki na gaggawa. Wata takwas ina cusa hanci a wurin ido a rufe, ban taɓa gani ba.

Mamana za ta zo da la'asar. Na ce ta zo da yunwarta, zan soya ƙwai, in ya ƙone yanzu zan ji. In ta ce tana son mayafin, ban sani ba. Mu gani.

Yana rataye a ƙusar bayan ƙofa. Ban sa shi a leda ba. Tsofaffin biyun na zubar, ledojin gidan ne suka ƙare, kuma na manta in ɗauko a shago.