Yankan Gishirin Tanne

Filinge, ranar Alhamis

Zuwa ga ƙanena Abdurrazak,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen Kurfai da kuke zaune tare a Abijan. Allah ya tsare ku a baƙunta, ya sa albarka a neman da kuke yi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gero ya yi bana, har rumbun marigayi Baba da muka ce a rushe sai da aka yaɓe shi aka zuba. Waken ne tsutsa ta taɓa. Gwaggo Asabe tana nan da ƙwarinta, ƙafa ce kawai ke damunta, bakin kuwa yana nan yadda ka bar shi. Matata Delu lafiya. Matarka Najiba ma tana tashi tana aikinta, sai dai ta rame.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda mun saba da waya, minti biyu ka fara cewa ga mai saye ya zo. Sau uku ina ɗaukar wayar in kira ka, bakina ya ƙi. Shi ya sa na zauna a aji bayan an tashi yara na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo maka. Ka nemi wuri ka karanta kai kaɗai, kuma yau ɗin nan, don maganar ba ta jiran gobe.

Ran Lahadi tsohuwar nan ta wajen Damana za ta zo cin kasuwar Filinge, ta sauka gidanmu, da safen Litinin ta yi wa Najiba yankan gishiri. Gwaggo ce ta aika mata. Ta ce shekara biyar da aure ba ko ɓatan wata, ai gishiri ne ya tsiro wa yarinyar a gaba ya toshe hanya, in an sa reza an tsaga daga ciki jini ya zuba, hanya za ta buɗe. Ta ce kuma kai da bakinka ka ce mata su yi duk abin da suka ga ya dace. Na san yadda ka faɗe shi, kana tsakiyar ciniki, kana so ta ƙyale ka. Amma ita ta riƙe shi a matsayin izinin miji. Tsohuwar kuwa ita ce dai wadda ta yanka matata ta fari, Tanne, sai dai yanzu hannunta rawa yake yi.

Lokacin kana sabon zuwa Abijan, aka faɗa maka ciwon ciki ne ya kashe Tanne. Ni na ce a faɗa maka haka. Shekara bakwai muna tare ba haihuwa. An fara kai ta wajen masu bori a ƙauyen kakanninta, suka ce Doguwar gidansu ce ta ɗaure mata ciki, don an daina ba ta baƙar akuya tun da kakan ya kama salla. Aka yanka akuyar, aka yi kwana uku ana goge. Daga nan sai malamai, ta sha rubutu har ta daina jin ɗacinsa. A duk wannan yawon ba wanda ya taɓa juyowa ya dube ni, ni ma ban dubi kaina ba. A ƙarshe aka kira tsohuwar. Ina zaune a zaure da hantsi ina gyaran takardun yara. Na ji ƙararta sau ɗaya, sai shiru. Ban tashi ba, Abdurrazak. Na ce a raina sha'anin mata ne, na ci gaba da sa maki da jan biro.

Jinin ya tsaya bayan kwana biyu, fitsarin ne bai tsaya ba. Tana zaune yana zuba, tana tafiya yana bin ƙafarta. Matar da ka sani da tsafta, wadda ke kore ka in ka shigo mata ɗaki da takalmi, ta koma wanki tun safe har rana ta faɗi, zannuwanta jere a kan danga. Mata suka daina cin abin da ta dafa. Ni ma na fara ja da baya, ba zan yi maka ƙarya ba. Da aka ce a kai ta gidansu jinya, daɗi na ji. Can ta gano cewa in ba ta sha ruwa ba zubar tana raguwa, sai ta rage sha, a zafin ƙasar nan tamu. Sau ɗaya na je duba ta cikin shekara uku, da bazara. Na iske ta a wata bukka a bayan gida, leɓɓanta duk sun tsattsage. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce in yafe mata shekaru bakwai da ta ɓata mini ba ta ba ni ko ɗa ɗaya ba. Na ce na yafe. Na hau mota ina jin kaina mutumin kirki. Ba ta kai ruwan farko ba.

Ka san Delu ta zo mini da 'ya'ya biyu daga aurenta na fari. Da muka shekara biyar shiru, Gwaggo ta fara zancen magani, sai Delu ta same ni cikin ladabi ta ce ita dai an ga nata, saura nawa. Na yi fushi na mako guda, sannan na hau mota zuwa Yamai da sunan aikin lakwal ɗin da nake koyarwa. Shekara biyu ke nan. Likitan wani dattijo ne mai furfura. Ya sa aka auna maniyyina sau biyu, wata uku tsakani, sannan ya zaunar da ni ya juya bayan takarda ya yi zane. Ni da nake koya wa yara yadda wake ke tsirowa, ranar na koma ɗan aji ɗaya. Ya ce ruwan da ke fita daga namiji ba shi ne iri ba, ruwa ne kawai da ke ɗauke da irin. Irin wasu 'yan halittu ne masu wutsiya, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, dubban dubbai a ɗigo ɗaya. A cikin 'ya'yan maraina ake yin su, cikin wasu siraran hanyoyi a nannaɗe kamar zare, kuma ba sa son zafi, shi ya sa Allah ya rataye marainan a wajen jiki. Ruwan kuwa daga wani wuri daban yake fitowa, can ciki kusa da mafitsara. Saboda haka mutum yana iya zama da gemunsa da muryarsa da ƙarfinsa na namiji, ruwan yana zuwa yadda ya saba, amma ba iri ko ɗaya a ciki. Ya ce nawa haka yake. Ya tambaye ni ko na taɓa yin hangum bayan na balaga, har ya sauka ƙasa ya kumbura ni.

Sai na ji bakina yana ba shi labarin Tanne. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki wata takardar ya zana jikin mace. Ya nuna mini ma'ajiyar ƙwai guda biyu, dama da hagu, da hanyar da ƙwan ke bi duk wata zuwa mahaifa. Ya ce mahaifar tana yin shimfiɗa tana jira, in ƙwan bai haɗu da iri ba sai shimfiɗar ta zube, ita ce haila. Ya ce matan da gabansu ke toshe da gaske kaɗan ne ƙwarai, kuma likita na ganewa da duba ɗaya. Mace ma tana iya samun matsala a ƙwai ko a hanyar ƙwan, amma wannan can ciki ne inda reza ba ta kaiwa. Sai ya ɗora bakin biro a kan wani siririn layi, ya ce wannan shi ne duk abin da ya raba gaban mace da mafitsararta, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba. Nan rezar ta bi. Abin da ya ƙarasa ni shi ne da ya ce irin wannan yoyon ana ɗinke shi a Yamai, mata da yawa sun warke sun koma gidajensu. Tafiyar rabin yini ce daga ƙofar gidanmu.

Tun ranar ban rabu da Tanne ba. Ba a mafarki take zo mini ba, da rana tsaka ne. Ina rubutu a allo sai in ji ƙarar matse zane a cikin bokiti, in juya, ba kowa sai yara suna kallona. Gefen dangar da take shanya, har yau ba na iya bi ta wurin, zagayawa nake yi. In na ɗaga moda zan sha ruwa da azahar, wani lokaci sai in ajiye. Na yi sadaka, na sa an yi mata sauka, amma abin da ke cina ba ya jin sadaka: ni ne ba na haihuwa, ita aka yanka, kuma ni ta roƙa gafara na ba ta.

Yanzu ka tuna shekarar hangum. Tare ya kama mu, ina da ashirin da biyu kana da sha biyar, muna kwance a zaure kumatu kamar an cusa goruba. Da ya sauka ƙasa muka riƙa tafiya a buɗe, samarin unguwa suna ce mana mahaya raƙumi. Nawa duka biyun suka kumbura. Naka ban tuna ba, kai ka sani. Ba cewa nake yi kai ma haka kake ba, don likitan ya ce yawancin masu hangum suna haihuwa lafiya lau, balle in gefe ɗaya ne. Amma ga wata kuma. Ya ce ƙwan mace in ya fito, kwana ɗaya yake yi a raye, sau ɗaya a wata. Kai kuwa kwana arba'in kake yi mana a shekara, wata shekarar ma sai dai mu ji muryarka. Kai ɗan kasuwa ne, ƙidaya da kanka sau nawa yarinyar nan ta sami dama a shekara biyar, kafin a ce ita ce mai toshewa.

Jiya bayan la'asar na sami Gwaggo tana sussukar gero, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Delu. Ta ajiye taɓarya ta dube ni, ta ce wanga zance kada in ƙara yin shi ko cikin rijiya, namiji mai gemu ba ya zama juya, ƙaryar masu farar riga ce. Na ce to Tanne fa? Ta ce kwananta ne ya ƙare. Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba, amma na ga tana dukan gefen turmi. Ita ta riƙe ƙafafun Tanne ranar. In ta yarda da maganata, sai ta yarda da abin da hannunta ya yi, shi ya sa ba na ganin baƙinta sosai. Matar nan ita ta goye mu bayan rasuwar Inna, so take ta ga ɗan ɗayanmu kafin ta mutu. Ƙarshen abin da ta ce shi ne mata ta mijinta ce, wanda bai haifa ba kuma ba shi da ta cewa a zancen haihuwa.

Don haka nake roƙonka, ni wanka, don girman Allah. Ka kira Gwaggo kafin Lahadi, ka ce mata da bakinka ka hana, ba da wasa ba, ba kana ciniki ba. Sannan ka kira Najiba ka faɗa mata haka. In ka zo gida ku tafi Yamai ku biyu a duba ku, ni zan raka ka, kunyar ba ta kai yadda kake zato ba. Litinin ɗin nan ba zan je lakwal ba, zan zauna a ƙofar ɗakinta ko me direktan makarantar zai ce. Amma kasuwa duk mako take ci, tsohuwar za ta dawo, ni kuwa ba zan iya gadin cikin gida kullum ba.

Ka gaishe mini da Na'Allah ɗan Kawu, ka ce masa mahaifiyarsa ta warke, da Kamal da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni. Daga nan ƙanwarmu Mariama da yaranta suna gaishe ka, Delu tana gaishe ka, Gwaggo ma ta ce Allah ya yi maka albarka. Najiba kuwa, na aiki Delu ta lallashe ta, sai Delun ta dawo tana kuka. Yarinyar ta ce a gaishe ka da kyau, a faɗa maka kada ka damu, ita ba ta jin tsoro, ko mene ne za ta jure in dai za ka sami ɗa. Ta riga ta sayi sabuwar reza da kanta, tana cikin kwallarta a naɗe. Ba za ta ji tawa ba, ba za ta ji ta Delu ba. Taka kaɗai za ta ji.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne wanka,
Lawali