Ƙorafi Kan Injin da Ke Riga Ni Zuwa Gindin Bishiya

Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Sashen Kula da Lambunan Shaƙatawa
Daga: Tsohon Babban Magatakarda (mai ritaya), gida mai kallon ƙofar gabas ta lambu
Kwanan wata: 18 ga Oktoba

Game da: Kwashe ganye kafin buɗe ƙofa, da illarsa ga wani muƙami

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, ina neman izinin gabatar da abin da ke tafe.

Tun da autarmu ta bar gida, maiɗakina ta rage magana, har na fara jin ƙarar agogon falo. A watan Afrilu ta sayo yumɓun roba, wato wani yumɓu mai launi da ake murzawa da hannu a gasa a kicin ya yi tauri. Takan shimfiɗa shi da kwalba, ta danna bayan ganye a kai, ta ɗaga a hankali, sai ga jijiyoyin ganyen sun fito ɗaya bayan ɗaya. Da shi take yin 'yan kunne da abin wuya. Ranka ya daɗe, matar nan yanzu waƙa take yi a kicin! Ranar 2 ga Mayu ta naɗa ni mai kawo ganye, kuma ban taɓa riƙe muƙamin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

1. Ranar 6 ga Oktoba Sashenka ya kawo injin hura iska, wanda ke kwashe ganye tun kafin a buɗe ƙofa. A zamanin tsintsiya, tun daga Daraktan farko, masu shara sukan fara daga yamma, sai hantsi su iso gabas. Wannan tsari bai taɓa cutar da kowa ba.

2. Ba kowane ganye ke yin aikin ba. Busasshe yakan farfashe cikin yumɓu, lafiyayye mai santsi kuma ba ya barin zane. Ana son wanda ya faɗo a safiyar, da sauran laushinsa, daga tsohuwar bishiyar da ke bayan bencin ƙofar gabas. Da ganyenta aka yi 'yan kunnen da matar likitan haƙori ta saka, har mata suka tare ta a bakin titi. Ina tsaye a wurin. Na ce musu ni na tsinto.

3. Ranar 11 ga wata, da na tarar da gindin bishiyar fes kamar faranti, na miƙa mariƙin lemata zuwa wani reshe. Mai gadi ya busa mini usur a gaban masu motsa jiki. Ban zarge shi ba, doka ta hana tsinkar ganye, ni ma da hannuna na sha rubuta irinta. Amma a lura: na sama an hana, na ƙasa an kwashe.

4. Wannan shi ne mafi nauyi. An ba maiɗakina teburi a baje kolin masu sana'ar hannu na ranar 1 ga Nuwamba, karonta na farko, kuma babban abin wuyan da za ta ɗora a tsakiya bai kai rabi ba. Ta sanar da ni cewa in na sake dawowa da jaka wayam, za ta miƙa aikin ga ƙaninta mai babur, mutumin da bai san gaban ganye da bayansa ba, wanda tun ranar ɗaurin aurenmu yake jiran ya ga na gaza.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a umarci mai injin ya bar gindin bishiyar nan sai bayan an buɗe ƙofa. Na yi alkawarin abin da ban ɗauka ba zan tara masa wuri guda.

Na haɗo da ganye ɗaya na yumɓu, mai ruwan zinariya a gefe, a matsayin shaida. Ba kyauta ba ce, ban taɓa ba jami'i kyauta ba. A duba jijiyoyin da kyau a gaban taga, sannan a dawo da shi kafin Juma'a, domin maiɗakina ba ta san ya bar gida ba.

Ka huta lafiya. Naka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Tsohon Babban Magatakarda,
Mai Kawo Ganye, har zuwa yau da safe