Babu Mai Duba Mini Shago

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigidanki da yara, ya ruwan Fatakwal? Tarin Ummi ya lafa? Ki yi haƙuri da rubutuna, wannan magana ba ta waya ba ce.

Maman Terna, maƙwabciyata a kasuwa, za ta rufe shagonta, ta koma noman doya a Kwandere. Tun kina goye ita ke duba mini atamfofi idan na tafi salla, ni ma in duba mata ranar taron cocinsu. Yanzu rabin layinmu a kulle yake. Mata a waya suke zaɓen zane, mai babur ya kai musu gida.

Ranar Talata Maman Terna ba ta fito ba, sai na kulle na tafi azahar. Ina dawowa mai rake ya ce wata ta zo daga Adogi neman kayan aure, ta gaji da jira ta tafi. Ita kaɗai ta zo ranar. Da na faɗa wa Maman Terna, ta ce, "Hajiya, zo mu tafi gona, doya dai ba a noma ta a waya." Na yi dariya, amma na kwana ina juya maganar.

Wani yana son shagona ya ajiye siminti, yana jiran amsa ƙarshen wata. Shagon babanku ne, Allah ya jiƙansa. Na kasa zama, na kasa tashi. Ba zan miƙa makulli ba sai na ji daga bakinki.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida surukarki da duk mutanen gidan.

Mahaifiyarki,
Asabe